Cinikin Biri a Sama: Darajar Tsohuwar Jita a Kasuwar Waya

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa Bahaushe ba ya son sayen abin da bai gani da idonsa ya taɓa da hannunsa ba. Mai sayen doki yakan buɗe bakinsa ya dubi haƙori, ya ɗaga ƙafa ya dubi kofato, sa'an nan ya sa a hau a zagaya da shi kafin ya taya. Mace mai sayen tukunya takan ƙwanƙwasa ta da yatsa ta saurara, domin tsagar da ido bai gani ba kunne yakan ji ta. Saboda haka ne magabata suka yi wa sayen abin da bai zo hannu ba laƙabi da cinikin biri a sama, watau a biya kuɗi alhali dabbar tana can bisa reshe.

To, ga shi zamani ya kawo wata kasuwa wadda dukkan cinikinta na biri a sama ne, ita ce kasuwar intanet da ake ci a cikin wayar hannu. A cikin kayan da ake saye da sayarwa a wannan kasuwa, da wuya a sami wanda ya kai tsohon abin kiɗa wuyar kimantawa, domin kuwa amfaninsa duka a cikin amonsa yake, shi kuwa hoto ba ya ɗaukar amo. Wannan maƙala za ta dubi yadda ake yi wa tsohuwar jita kuɗi a irin wannan kasuwa, ta bi sawun wata jita ɗaya da ta fito daga ƙasar Wurno, daga nan ta waiwayi kayan kiɗan gida, waɗanda su ne suka fi fuskantar asara a wannan sabon ciniki.

Baƙuwa a Ƙasar Gurmi

Ƙasar Wurno da Raɓa da Goronyo, a gabashin Sakkwato, an fi saninta da tarihi da noma. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, a nan ya rasu cikin 1837, kuma a nan kabarinsa yake. A Raɓa aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. A Goronyo kuwa aka datse gulbin Rima, ruwan yana shayar da fadamun shinkafa da albasa da tafarnuwa. Duk da haka ƙasar ba ta rasa makaɗa ba. Ya isa a ambaci Muhammadu Bawa Ɗan'anace, mutumin ƙasar Gandi ta Raɓa, wanda ya yi wa 'yan dambe waƙa da kalangu har sunan Shago ya game ƙasar Hausa.

Kayan kiɗa masu tsirkiya ma tsofaffi ne a wannan yanki. Akwai garaya ta mafarauta da 'yan bori, da gurmi mai ƙoƙon duma, da molo mai tsirkiya uku, da goge da ƙanwarsa kukuma waɗanda ake goga wa izga. Abin lura shi ne galibi makaɗi shi ke haɗa abin kiɗansa, ko ya sa wani gwani ya haɗa masa. Duma daga gona, fata daga mahauta ko mafarauta, sanda daga daji. Idan fata ta huje a sake wata, idan ƙoƙo ya fashe a nemo sabo. Don haka ba a saba da a ce tsohon gurmi yana da wani farashi sananne ba. Daɗin daɗawa, malaman jihadi sun soki kiɗan sharholiya, jama'a kuma sun daɗe suna ɗaukar kiɗa a matsayin sana'ar roƙo, har ya zama mutum mai kamun kai ba ya son a gan shi tsugune yana taya goge a bainar kasuwa.

Jita kuwa baƙuwa ce. Siffarta ta yau a ƙasar Sifen aka daidaita ta cikin ƙarni na 19, ta biyo jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, sa'an nan ta hauro Arewa ta hannun soja da majami'u da mawaƙan otal-otal na Sabon Gari. Bala Miller yana cikin waɗanda suka rera Hausa bisa kiɗan jita har gidajen rediyo suka yayata. Ta arewa ma ta shigo, domin Buzaye sun mayar da ita tasu tun wajen 1980, daga ƙungiyar Tinariwen ta Mali zuwa Bombino na Agadas da Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Tun da iyakar Nijar ba ta da nisa da Goronyo, waƙoƙin nan sun riga kayan kiɗan isowa, suna yawo daga waya zuwa waya. Sai dai jita ta saɓa wa gurmi a abu guda: ba a noma ta a gona, saye ake yi, kuma duk abin da ake saye, wata rana za a sake sayar da shi.

Kasuwar da Ba ta da Rumfa

A ƙasashen Turai da Amurka cinikin tsofaffin jitoci ta intanet ya daɗe da zama sana'a. An buɗe eBay cikin 1995. Cikin 2013 aka kafa Reverb a birnin Chicago don cinikin kayan kiɗa kaɗai, kuma ya bunƙasa har kamfanin Etsy ya saye shi cikin 2019 a kan dala miliyan 275. A Nijeriya kuwa an fi amfani da Jiji, wanda aka fara cikin 2014, da kasuwar Facebook, da zaurukan WhatsApp.

Akwai dalilan da suka tura mutanen gabashin Sakkwato cikin wannan kasuwa ba don marmari ba. Na farko shi ne rashin tsaro. Cikin watan Oktoba na 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo ranar da take ci, suka kashe mutum fiye da 40. Wanda ya san wannan ba ya ɗaukar tafiya kasuwa da wasa. Na biyu shi ne ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, lokacin canjin naira, wanda ya koya wa har tsofaffi tura kuɗi ta waya. Na uku shi ne faɗuwar darajar naira daga watan Yuni na 2023, wadda ta ninka farashin duk wani abu da ake shigowa da shi daga waje. Sabuwar jita ta fi ƙarfin talaka, sai ido ya koma kan ta gwanjo, ita ma ta ɗaga kai.

Jitar Gado

Wani malamin firamare a wani ƙauye kusa da Wurno ya gaji jita daga kawunsa, tsohon soja, wanda ya sayo ta a Legas bayan an gama yaƙin basasa cikin 1970. Malamin bai iya kaɗa ta ba. Shekara da shekaru tana rataye a ɗaki cikin buhu, har lokacin dashen albasa ya zo, aka nemi kuɗin taki da na man injin ban ruwa, albashi kuwa bai kai ba. Sai ya sauko da ita, ya kaɗe ƙura, ya ɗauki hotonta ya sa a kasuwar waya, ya rubuta cewa mai so ya taya.

Tayi na farko bai wuce kuɗin buhun taki ɗaya ba, mai tayin kuma yana gaggawa ƙwarai, yana cewa a sallama masa yau yau. Wannan gaggawa ita ta sa malamin ya tsaya. Ya haska fitila cikin ramin jitar, ya ga wata jar takarda manne a ciki, an rubuta Yamaha, da harufan FG, da sunan Nippon Gakki. Da ya bincika sai ya gane Nippon Gakki shi ne tsohon sunan kamfanin da ke Hamamatsu ta ƙasar Japan, wanda bai koma Yamaha ba sai cikin 1987. Ya gane kuma an fara yin jitocin FG cikin 1966, masu jar takarda na cikin na farko-farko, masu tara tsofaffin kaya suna nemansu. Ya ga irinta an sa mata kuɗi da dala. Ya buga lissafi zuwa naira, sai ya ga kamar gonar bana da ta baɗi duk sun tashi. Daren nan barcinsa kaɗan ne.

A nan ne kuskuren da ya fi yawa a wannan kasuwa yake. Kuɗin da mai kaya ya sa daban, kuɗin da aka sallama daban. A kasuwar Achida kowa yana jin dillali yana cewa albarka, kuma kowa yana ganin inda ciniki ya faɗa. A waya kuwa abin da ke tsaye a gaban mai kallo shi ne kayan da ba a saya ba tukuna, watau waɗanda wataƙila tsadarsu ce ta hana su tafiya. Waɗanda aka yi wa kuɗi daidai sun riga sun ɓace daga shafin. Shi ya sa masu hankali suke neman jerin kayan da aka riga aka sayar, kamar yadda eBay da Reverb suke nunawa. Har ila yau, farashin Amurka na mai kaya ne da ke zaune a Amurka. Jitar da ke Wurno sai an cire mata kuɗin mota, da haɗarin hanya, da rashin mai gyara a kusa, kafin a san abin da ya rage.

Da murna ta lafa, malamin ya ɗauki jitar ya kai wa wani tsoho makaɗin gurmi da ke garinsu, wanda bai taɓa riƙe irinta ba.

“Baba, ga abin da kawu ya bari. Ina son ka duba mini ita, ko tana da sauran rai.”

Tsohon ya karɓa da hannu biyu. Bai kula da jar takardar ba. Ya ƙwanƙwasa fuskar jitar da bayan yatsa, nan da can, yana kara kunne. Ya ɗaga ta ya saita ido daga kai zuwa gindi kamar mai duban miƙewar sanda. Ya ja tsirkiya guda ya bar ta, ya yi shiru har amon ya mutu.

“Malam, kai ka san takarda, ni kau kunne gare ni. Wagga aba tana da murya, icce nata ya nuna. Amma wuyanta ya gaji, jakinta ya ɗaga, kuma nan ƙasa akwai tsaga. In za ka saisuwa, ka hwaɗi ma mai saye, kada shi gano da kainai.”

“To, Baba. Nawa kake ganin ta kai?”

“Wanga kau ban iya ba, ɗana. Ban taɓa sai da murya ba.”

Abin da Hoto ke Ɓoyewa

Aibobi ukun da tsohon ya gano su ne ainihin waɗanda masu gyaran jita a ko'ina suke fara nema, kuma babu wanda hoto ya nuna a cikinsu. Tsirkiyoyi shida na ƙarfe, idan an ɗaure su, suna jan wuyan jita da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 70 ko kusa da haka, dare da rana. Da daɗewa wuya yakan sunkuya, tsirkiya ta yi nisa da ƙarafan da ake danna ta a kansu, yatsa ya wahala, amo ya karkace. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake juyawa a miƙar da shi, amma in lanƙwasar ta taso daga inda wuya ya haɗu da jiki, sai an cire shi an sake dasawa, aikin da kuɗinsa kan zarce kuɗin jitar kanta. Jaki kuwa, watau katakon da tsirkiyoyi suka hau, da gam aka manna shi, zafin bazarar Sakkwato da ke wuce digiri 40 yakan sassauta gam.

Babban abokin gabar jita a wannan ƙasa shi ne hunturu. Masu ƙera ta suna so ta zauna cikin iska mai danshi na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali da hunturu danshin iskar Sakkwato yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako yakan tsuke kamar yadda diddige ke yin kaushi, sai ya tsage. Wanda ya sayi jita daga Legas ko Fatakwal, inda iska ke jiƙe, aka ɗoro masa ita a mota cikin watan Janairu, yana iya karɓarta lafiya lau, bayan mako uku ya wayi gari ya ga tsaga, ya zargi mai sayarwa da zamba alhali laifin iska ne. Gurmi ma yana jin yanayi, fatarsa takan saki da damina ta ɗaure da rani, amma maganinsa rana ko ɗumin wuta ne. Jita ba ta da irin wannan sauƙi.

Saboda haka mai saye daga nesa yana da hakkin ya nemi abin da zai maye masa gurbin hannu da kunne: hoton wuya daga gefe, hoton bayan kai inda karaya ke ɓuya, hoton takardar ciki da lambar ƙira, da bidiyo da aka kaɗa kowace tsirkiya daga sama har ƙasa. Lambar ƙira tana da muhimmanci domin jabun Fender da Gibson sun cika kasuwa. Shi ma mai sayarwa yana cikin haɗari. Malamin nan an turo masa hoton shaidar biya, aka ce ya ba direba kaya a tasha; ya ce sai ya ga kuɗi a asusunsa, daga nan bai sake jin ɗuriyar mai sayen ba.

A ƙarshe abin da ya warware matsalar tsohuwar dabara ce. Malamin ya sake rubuta tallarsa, ya faɗi tsagar, ya faɗi lanƙwasar wuya, ya sa hotonsu. Masu tayi suka ragu, amma waɗanda suka rage na gaske ne. Wani mai ɗakin ɗaukar waƙa a Kano ya nuna yana so. Sai aka aika jitar wurin wani ɗan'uwan malamin da ke kasuwanci a Kano, mai saye ya je ya kaɗa ta da hannunsa, ya taya, aka ce albarka, ya ƙara, aka sallama, ɗan'uwan ya cire la'adarsa. Kuɗin ya ninka tayin farko sau da dama, bai kuma kusanci lissafin dala ba. Waya ta nemo mai saye, amma dillali ne ya ƙulla cinikin, domin shi kaɗai ne mutumin da ɓangarorin biyu za su iya kamawa in an sami matsala.

Kuɗin Suna

Darajar tsohon abin kiɗa hawa uku ce. Akwai ta jiki, watau katako da ƙira da lafiya. Akwai ta amo, wadda kunne kaɗai ke aunawa. Akwai kuma ta suna, watau hannun da ya taɓa riƙe shi, kuma wannan ta uku ita ce ba ta da iyaka. Cikin 2019 aka yi gwanjon baƙar jitar David Gilmour a New York a kan dala kusan miliyan 4. Cikin 2020 aka sayar da jitar Martin ta Kurt Cobain a kan dala miliyan 6. Katakonsu bai fi na dubban 'yan'uwansu ba. Abin da aka saya shi ne shaida: takardu da hotuna da suka tabbatar cewa wane ne ya kaɗa wannan, a wuri kaza, a shekara kaza.

Bahaushe ya san wannan hawa na uku a wasu abubuwa. Ya san takobin gado, ya san alkyabbar sarki da allon malami. Amma a kayan kiɗa bai saba da shi ba. Kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu cikin 2015, gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya. In ta jiki za a bi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma da shi aka yi waƙoƙin da suka zaga duniya. Haka gurmin Haruna Uji, haka kotson Ibrahim Narambaɗa, haka taushin Salihu Jankiɗi. Irin waɗannan kaya, in makaɗi ya rasu, ɗa ko yaronsa kan ci gaba da kaɗa su har su ƙare. In kuwa zuriya ta bar sana'ar, kamar yadda ake yawan yi yanzu, sai a rataye su a zaure, gara da ɓera su yi rabonsu.

Haɗarin da kasuwar waya ta ƙaro shi ne mai saye daga nesa yakan san abin da mai kaya bai sani ba. Jitar Wurno ta tsira daga tayin farko ne don akwai takarda a cikinta da za a iya karantawa. Gurmin tsohon da ya duba ta ba shi da takarda ko lamba. Babu inda aka rubuta wanda ya fafe dumansa, ko fatar da aka rufa masa, ko bukukuwan da ya halarta. Ranar da jikokinsa suka ɗauki hotonsa suka sa a waya, kuɗin ƙwarya da sanda za a ba su, in ya isa wata ƙasa a rubuta masa “abin kiɗan Afirka ta Yamma” kawai, sunan mai shi da na garinsa su ɓace tare.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kasuwar intanet ba ta rushe ƙa'idojin cinikin Bahaushe ba, ta dai ƙara buƙatarsu. Mai sayarwa ya faɗi aibi, mai saye ya nemi shaida, a duba inda ciniki ya faɗa a baya, kuma a sa amintacce a tsakani. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, in ji masu magana, amma sai an san nagarin.

Aikin da ya rage na masu nazarin Hausa ne. Ɗalibin da ya fito daga Wurno ko Raɓa ko Goronyo, in ya koma gida hutu, yana iya ziyartar makaɗan garinsu, ya ɗauki hoton kowane gurmi da garaya da kalangu, ya naɗi amonsa, ya rubuta wanda ya haɗa shi da wanda ya kaɗa shi da shekarun da ya yi a hannu. A bar wa iyalin kwafe ɗaya, a kawo ɗaya sashe, a kai ɗaya Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Wannan 'yar takarda ita ce za ta yi wa kayan kiɗan gida abin da jar takarda ta yi wa jitar Japan. In magada sun so riƙewa, sun san abin da suke riƙe da shi. In kuwa lalura ta sa su sayarwa, ba za a saye a hannunsu da kuɗin duma ba.